Samarin da ke haurawa cikin kangayen Jos da aka toshe ƙofofinsu: a bar su ko a hana?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya fara yawa a garin nan, ina so mu tattauna shi tun bai kai mu ga zaman makoki ba. Samari ne, wani lokaci har da 'yan mata, suke bin gine-ginen da aka yi watsi da su suna ɗaukar bidiyo suna sakawa a TikTok da Facebook. Da a ce kangon da ke hangame suke shiga, da ban ɗaga murya ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yanzu sun fi son benen da aka toshe ƙofofinsa na ƙasa da bulo ko aka yi musu walda. Sai ka ga yaro ya ɓullo a hawa na biyu yana ɗaga wa kyamara hannu, jama'a na ta yaba masa. Ni ra'ayina a fili yake: ginin da aka toshe ƙasansa, duk wanda ya shiga ta sama ya shiga inda ba mai iya fito da shi. Amma na san akwai masu yin abin a cikinmu. Su fito su yi mana bayani, ba faɗa za a yi ba.

Ɗan Gangare:
Wa alaikumus salam Abba. Ina cikinsu, kuma ba zan ɓuya ba. Ba shashanci ba ne, ba kuma mu muka fara ba. A ƙarƙashin birnin Faris akwai tsofaffin ramukan da aka haƙi dutse, tsawonsu ya kusa kilomita 300, tun 1955 aka haramta shigarsu amma har gobe akwai masu shiga suna zana taswirarsu. Garin Pripyat na Yukiren da aka kwashe mutanensa a 1986 bayan hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl, ta hotunan masu shiga yawancinmu muka san kamanninsa. Babbar tashar jirgin ƙasa ta Detroit a Amurka, jirgin ƙarshe ya bar ta a 1988, ta yi shekara 30 tana kango, kamfanin Ford ya saye ta a 2018, aka gyara aka sake buɗewa a 2024. A ganina hotunan da aka yi ta ɗauka a cikinta na daga cikin abin da ya hana a manta da ita.

Ni bayan gobarar babbar kasuwar Taminus aka haife ni. Na tashi ina jin iyayena suna cewa tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka ƙudurta gina ta, aka buɗe a 1985, har ana cewa babu irinta a Afirka ta Yamma, sai wuta ta cinye ta a Fabrairun 2002. Na nemi hotunan cikinta masu kyau na rasa. Ba na so abin da ya rage mana ya tafi haka. Ƙa'idarmu kuma ɗaya ce: ba mu ɗaukar ko ƙusa, ba mu fasa komai, ba mu rubutu a bango.

Ummi Rikkos:
Gaskiya ni ina kallon bidiyoyinsu. Akwai wuraren da nake wucewa kullum a Keke ban taɓa sanin yadda cikinsu yake ba sai a wajensu.

Sani Mai Taya:
Ƙanena, ka ce ba ku fasa komai. To ƙofar da aka toshe fa, ta ina kuke shiga? Wanda ya biya birkila ya jera bulo ai ya riga ya gaya maka amsarsa.

Injiniya Sabo:
Ɗan Gangare, na ji daɗin yadda ka yi magana, kuma burinka na adana tarihi ba ni da ja a kansa. Amma bari in gaya maka abin da idon mai kyamara ba ya gani.

Kai kana lissafin yadda za ka shiga, ni kuma aikina ya koya mini in fara lissafin yadda za a fita. Wanda ya haura ta tagar sama da ƙafa biyu lafiyayyu, idan ya karye a ciki ta ina za a sauko da shi? 'Yan kwana-kwana ko sun zo da wuri, sai sun fara neman guduma sun fasa bulo kafin su kai gare shi, kuma dukan bango a ginin da ya riga ya gaji shi ma wani hatsarin ne. Ku tuna gobarar wani bene a Johannesburg ranar 31 ga Agustan 2023, mutum 76 suka rasu, kuma rufaffiyar ƙofar ƙarfe da toshewar hanyoyin fita na cikin abin da ya ƙara yawan mamatan. Waɗancan ma mazauna wurin ne, sun san kowane lungu.

Sai maganar ginin kansa. Dekin da kake takawa, kankare ne da rodi a ciki. Kankare na jure danniya, rodi ne ke riƙe shi kada ya tsage ta ƙasa. Idan rufi ya yaye, ruwan damina ya yi shekaru yana kwanciya a kai, damshi na ratsawa ya kai ga rodin, ya yi tsatsa. Ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri ninki-ninki, sai ta kumbura ta tura kankaren ya ɓantare ta ƙasa. Kai da kake tafiya a sama sumul kake gani. Wanda zai ga rodin a waje shi ne wanda ya tsaya a hawan ƙasa ya ɗaga kai, wato daidai hawan da aka toshe, wanda kai ka tsallake ba ka duba ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a shiga ta sama.

Idan kuma ginin ya taɓa cin wuta, lissafin ya sake lalacewa. Ƙarfe idan zafi ya kai wajen digiri 600 yana rasa kusan rabin ƙarfinsa. Kankaren da ya sha zafin da ya wuce digiri 300 yakan sauya launi ya yi ja-ja, ya yi rauni, kuma ba ya komawa yadda yake. Ga 'yan jari-bola da suke riga kowa zuwa, su yanke ƙarfen matakala, su zare ƙofofi, su bar ramin lif a buɗe cikin duhu.

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labari daga nesa ba. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta a Busa Buji, aka rasa rai 22, yawancinsu yara. Wannan ginin da ake shiga kullum ke nan ana ganinsa. Ina ga wanda ya yi shekaru ba mai leƙa shi?

Ɗan Gangare:
Injiniya, maganar duba deki ta ƙasa ban taɓa kawo ta a raina ba, na karɓa. Amma muna taka-tsantsan, ba ma zuwa mutum ɗaya, kuma muna bin gefen bango.

Injiniya Sabo:
Zuwa da abokai yana da kyau don a sami mai kiran taimako, amma nauyi ne kuka ƙara wa dekin. Bin gefen bango kuma ba ya ceton wanda ginshiƙin ƙarƙashinsa ya ruɓe.

Anti Nas:
Ni ta ɓangaren asibiti zan sa baki. Ginin da aka toshe ƙasansa iska ba ta zagaya shi, sai ya zama gidan jemagu da tantabaru da ɓeraye. Busasshen kashin jemage idan aka taka ya tashi, akwai ƙwayar cuta a ciki mai kama huhu, kuma alamunta na kama da tarin fuka har a yi ta magani ba daidai ba. Ɓera kuma kun san zazzaɓin Lassa, ta fitsarinsa da kashinsa ake ɗauka. Kada ku manta a 1969 da aka fara gano cutar, nan Jos aka kawo mara lafiyar farko daga garin Lassa, a nan ta rasu, ma'aikatan jinya suka ɗauka. Har yau Filato na cikin jihohin da ake samunta, musamman da rani.

Tsofaffin gine-gine da yawa silin ɗinsu da rufinsu na asbestos ne. Idan ya farfashe ƙurarsa na maƙalewa a huhu, ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko fiye, kuma takunkumin yadi ba ya tare ta. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuwa, ku tambayi masu yasar rijiya, su sun san iskar da ke kayar da mutum kafin ya yi ihu.

Baba Birkila:
Yarona ne yake rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Ɗana Ɗan Gangare, ni da hannuna na toshe ƙofofi da tagogi a garin nan, ba sau ɗaya ba. Bari in gaya maka su wa ke kiranmu. Akwai wanda 'yan shaye-shaye suka mayar masa da gini matattara, maƙwabta suka kai ƙara wajen mai unguwa. Akwai magada da ke shari'a, aka ce kowa ya tsaya. Akwai wanda kuɗi suka yanke masa yana hawa na biyu. Amma waɗanda ba na mantawa su ne na bayan rikici. Bayan 2001, bayan 2008, bayan 2010, mutum zai zo da rakiyar jami'an tsaro unguwar da aka haife shi, ya tsaya yana kallo ina jera bulo a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya biya ni, ya juya. Musulmi na yi wa, Kirista na yi wa. Ba wanda ya ce mini ya yafe gidan. Kowa cewa yake sai ƙura ta lafa.

Saboda haka idan ka ga bulo a ƙofa, ka sani akwai mai shi, kuma yana raye ko 'ya'yansa na raye.

Abban Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba. Wannan ita ce maganar da na kasa fitarwa.

Mama Rifkatu:
Salama gare ku duka. Ba na yawan magana a nan, amma yau dole. Gidan da na girma a ciki yana wata unguwa da ba mu iya komawa ba tun 2008. Babanmu ya sa an toshe ƙofar, har ya rasu makullin ɗakinsa na cikin aljihunsa. Kwanakin baya ɗiyata ta kawo mini waya ta ce Mama duba. Wasu yara ne a cikin falonmu, sun sa kiɗa mai ban tsoro, sun rubuta wai gidan fatalwa. Kyamarar ta wuce ta jikin bangon da muke auna tsawonmu da fensir muna yara, layukan na nan. Ba su ɗauki komai ba, gaskiya ne. Amma na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da muka fita.

Ɗana, ban ce kai ne ba, kuma ban riƙe kowa a zuciya ba. Ina so dai ku sani a Faris da kuke misali da ita, masu ramukan sun mutu da daɗewa. Mu muna nan, muna cikin wannan zauren tare da ku.

Alhaji Ɗanlami Bukuru:
Mama Rifkatu, Allah ya ba da haƙuri. Namu gidan ma yana can wani ɓangaren, haka yake a toshe. Zafin iri ɗaya ne.

Ɗan Gangare:
Mama, ki yi haƙuri. Ba ni ba ne, amma na san irin bidiyon da kike nufi kuma na san masu yin irinsa. Zan yi musu magana da kaina a sauke. Gidan mutane daban, wannan ba ni da hujja a kansa.

Ɗalibi Mus'ab:
Allah ya gafarta malamai, ina da tambaya. A Suratun Nur, bayan ayar da ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, aya ta 29 ta ce babu laifi a shiga gidajen da ba a zaune a cikinsu idan akwai amfani a ciki. Kango bai shiga nan ba?

Malam Auwalu:
Tambaya mai kyau Mus'ab. Mafi yawan masu tafsiri sun fassara waɗannan gidaje da wuraren da dama a buɗe suke ga jama'a, kamar masaukin matafiya da shaguna. Akwai daga cikin magabata wanda ya sa kango a ciki, don mai wucewa da buƙata ta kama shi. To amma dubi ayar da ke gabanta, ta 28: idan ba ku sami kowa a ciki ba kada ku shiga sai an yi muku izini, idan kuma aka ce ku koma, ku koma. Mutumin da ya jera bulo a ƙofarsa ai ya ce a koma, da harshen da kowa ke ji. Kangon da ke buɗe a bakin hanya hukuncinsa daban, wanda mai shi ya rufe daban. Ga kuma hanin jefa kai ga halaka a Suratul Baƙara. Wallahu a'alam.

Ummi Rikkos:
Malam, maganar aljanu fa? Kakata kullum tana cewa kango ba ya zama ba kowa.

Malam Auwalu:
Mun yi imani da samuwarsu, kuma addu'ar shiga wuri ba ta da lokacin bari. Amma bai halatta a laƙaba wa gidan bawan Allah sunan gidan aljanu don a sami masu kallo ba. Ƙarya ce, kuma tana karya darajar dukiyarsa ranar da zai sayar.

Barista Nafisa:
In ƙara ta fuskar doka. Dokar hukunta laifuka, wato Penal Code, da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta ɗauki shiga wurin da ke hannun wani da niyyar aikata laifi, ko tsoratarwa, ko cin zarafi, ko ɓata wa mai shi rai a matsayin laifi. Za ka ce niyyarka hoto ce, to, amma a gaban alƙali za ka faɗi haka, bayan ka kwana a sel. Kuma doka na kallon yadda aka shiga. Haura katanga, ko bi ta kafar da ba a yi ta don shigar mutum ba, yana iya mayar da ƙaramin laifi ya koma fasa gida idan ginin na ajiyar kaya ne ko na zama. Ba sai ka fasa komai ba.

Amma ni kotu ba ta fi damuna ba. Ku tuna abin da ya faru a Apo, Abuja, a Satumban 2013. Jami'an tsaro suka kai samame wani ginin da ba a gama ba da dare bisa zargin 'yan Boko Haram na ciki, aka kashe mutum 8, yawancin masu kwana a wurin 'yan Keke ne da masu ƙananan sana'o'i. Daga baya Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta bincika ta ce a biya iyalansu diyya. Diyya ba ta dawo da kowa ba. Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo Jos, garin da bam ya tashi a Taminus a Mayun 2014 ya kashe fiye da mutum 100. Maƙwabci ya hango baƙin fuska da jaka a baya suna haura bene a unguwar da ba tasu ba. Kafin ka ciro kyamara ka yi bayani an tara maka jama'a, kuma kafin yamma labarin ya zama na addini. Ba ranka kaɗai ka sa a ciki ba.

Sani Mai Taya:
Wannan ita ce gaskiyar. Mu da muke sintiri a unguwa, wallahi da dare ba ma iya bambance mai hoto da ɗan sara-suka.

Ɗan Gangare:
Na ji duka, kuma maganar gidajen mutane na riga na sallama. Amma ku ba ni dama in tsaya a kan gine-ginen gwamnati, don a nan ban gamsu ba. Katafaren otal ɗin nan na wajen duwatsun Shere, tun zamanin Gwamna Solomon Lar aka fara shi, shi kuwa ya bar mulki a 1983. Kamfanin mulmula ƙarfe na Jos da ya ciyar da gidaje da yawa, ku je ku gani. A Abuja ga hasumiyar Millennium da hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, duka tun 2006 ake abu ɗaya. Da kuɗin wa aka yi su? Idan an toshe ƙofar irin waɗannan, wani lokacin ba don a kare ni ba ne, don kada a ga abin kunya ne. Yaron da ya haura ya nuna wa jama'a inda dukiyarsu ke ruɓewa ake kira mai laifi, wanda ya bar ta ta ruɓe kuma ana yi masa jiniya. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Abban Sadik:
A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari, fushinka a wurinsa yake. Inda muka rabu shi ne, ba na so a biya wannan bashin da ƙashin bayanka.

Alhaji Ɗanlami Bukuru:
Kuma ɓarnar ai daga waje ma ana ganinta. Kududdufan kuza da kamfanonin Turawa suka bar mana daga Bukuru har Barikin Ladi, ba wanda ya toshe su, a fili suke, suna cin yara masu wanka. Ga aikin kyamara nan jibge ba sai an haura ko'ina ba.

Barista Nafisa:
Akwai hanyar da ba a cika gwadawa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takardun kwangila, nawa aka ware, nawa aka biya, kuma wa'adin amsa kwana 7 ne. Hoton waje haɗe da takardar kwangila ya fi bidiyon cikin duhu cizo. Shiga ciki kuma a rubuta wasiƙar neman izini ga ma'aikatar da ke riƙe da ginin, a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin, a je da rana tsaka tare da maigadi. Ni zan rubuta wasiƙar kyauta.

Sani Mai Taya:
Barista, wasiƙar nan za ta tsufa a kan tebur.

Barista Nafisa:
Tana iya tsufa. Sai a sake rubutawa, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Shirun da suka yi shi ma abin nunawa ne ga jama'a.

Hajiya Mai Atamfa:
Ɗan Gangare, ɗana, ka ce ka rasa hotunan cikin kasuwar Taminus. Ni ina da shago a ciki har ranar da ta ƙone. Ina da hotuna a akwati, ni da maƙwabtana, Inyamurai da Yarbawa da Birom, har da ranar da aka raba mana makullai. Kuma na san 'yan kasuwa da yawa da ke da irinsu, wasu suna Katako wasu suna bakin titin Ahmadu Bello. Ka zo da kyamararka ka ɗauke su, ka zauna mu ba ka labarin wane layi ake sayar da me. Mu ma tsufa muke yi, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye mu.

Ɗan Gangare:
Hajiya, wallahi zan zo, ki sa a turo mini kwatance ta akwatin sirri. Barista, a rubuta wasiƙar, mu fara da otal ɗin. Amma ina faɗa a gaban kowa, idan suka yi shiru zan dawo zauren nan mu sake wannan magana, don ban yarda a toshe ƙofa a kuma toshe baki ba.

Mama Rifkatu:
Idan kun gama da kasuwa, ni ma ina da hotunan unguwarmu kafin a rabu. Alhaji Ɗanlami, kai ma ka nemo naku.

Injiniya Sabo:
A sa sunana a wasiƙar, zan raka ku. Sharaɗina ɗaya: ko an ba da izini, ni zan fara zagaya ginin in duba ginshiƙai da ƙarƙashin deki, kowa da hular kwano da takalmi mai tauri. Hawan da na ce ba a takawa, ba a takawa, ko da hoton da ya fi kowanne kyau yana can.